Kafin Ka Yanke wa Tsohon Lofe Shekaru

'Ya'yana da jikokina masu sha'awar tara kayan da.

Na lura wasu daga cikinku sun shiga harkar tara tsohon lofe, musamman irin wanda aka ƙera a Ingila da Faransa da sauran ƙasashen Turai, kuna tsinto shi wurin 'yan gwanjo ko kuna saye ta intanet. Abin ya faranta mini rai, domin duk matashin da ya ɗauki abin da wasu suka yar ya tambayi asalinsa, to ya kama hanyar ilimi. Sai dai akwai abin da nake ji a bakinku da ke damuna, wato saurin yanke shekaru. Yaro zai ɗaga lofe, ya ga ya yi baƙi ya dafe, nan take ya ce ai wannan ya shekara ɗari biyu. Nasihata gare ku guda ce: kada ka ba lofe shekarun da ba ka da shaidarsu. Mai sayen sa a kara ba ya dogara da rantsuwar dillali, baki yake buɗewa ya duba haƙora. Lofe ma yana da wuraren da ake dubawa, kuma zan bi da ku ɗaya bayan ɗaya.

Fara da tambayar da me aka yi shi, domin wannan ne ke kafa maka iyaka. Yawancin lofen katako da za ka gani an sassaƙa shi ne daga kututturen saiwar wani ɗan itace da ake kira biraya, wanda ke fitowa a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, kamar Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. Katako ne mai tauri da ke jure wuta. Masassaƙan garin Saint-Claude da ke tsaunukan Jura a Faransa ne suka fara yin sana'ar lofe da shi wajen shekarun 1850. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka lofen biraya ya ce na shekarun 1700 ne, katakon da kansa ya ƙaryata shi, ba sai ka yi gardama ba. Kafin biraya, farin yumɓu ne ya cika hannun talakawan Turai, masu hali kuma suna riƙe da na wani farin dutse mai taushi da ake kira mirsham, wanda ake haƙowa a yankin Eskişehir na Turkiyya, gwanayen birnin Biyana na Ostiriya su sassaƙa shi.

Daga nan sai ka koma kan bututun da ake sakawa a baki. Na farko-farko da ƙaho ake yin sa, ko da amba, wato ƙaron itacen nan da ya daskare tun zamanin da ya koma kamar dutse mai ruwan zuma. Baƙar roba mai tauri ba ta samu ba sai bayan da Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a 1844, aka kuma yi rajistar mai taurin a 1851. Za ka gane ta da cewa idan ta tsufa takan koma ruwan ƙasa ko ta yi kore-kore, in ka murza ta da ɗan yatsa har ta yi ɗumi sai ka ji warin farar wuta. Robar Bakelite kuwa Leo Baekeland ya ƙirƙiro ta a 1907, don haka bututun da aka yi da ita bai girmi wannan shekara ba, ko da launinsa ya yi kama da amba. Ita kuma robar nan mai sheƙi da ba ta dusashewa, sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ta yawaita a kan lofe. Ka duba har ramin da hayaƙi ke fita a ƙarshen bututun. Ɗan zagayayyen rami al'adar ƙarni na 19 ce da farkon na 20, shimfiɗaɗɗen rami mai faɗi daga baya ya zama ruwan dare. Ka kuma zare bututun a hankali ka ga mahaɗarsa. Mahaɗar ƙashi mai murɗi alama ce ta tsohuwar ƙira.

Amma a nan ne nake so ka natsu. Bututu shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa, haƙori ke cin sa, faɗuwa ke karya shi, saboda haka shi aka fi canzawa. Bututun da aka sake ba ya faɗin komai sai shekarun kansa. Kafin ka karɓi shaidarsa, ka duba ko ya zauna daidai da wuyan lofen ba tudu ba kwari, ko kuma tambarin kamfanin yana jikinsa yadda ya kamata. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: lofe ba ya girmar mafi ƙuruciya cikin sassan da aka ƙera shi da su tun asali, amma yana iya girmar duk abin da aka ƙara masa daga baya.

Abu na uku, kuma wanda na fi so, shi ne sunan ƙasar da aka buga a jikinsa. Ƙasashe suna canza suna, hatimin masana'anta yana bin su, wanda ya san tarihi kuwa ya samu kalanda a ɓoye. Ɗauki kamfanin Peterson na birnin Dablin. Lofen da ke ɗauke da “Irish Free State” ya fito ne a zamanin da ƙasar Ayilan ke amsa wannan suna, daga 1922 zuwa 1937. Wanda aka buga wa “Eire” ya biyo baya, daga 1938. Wanda ya ambaci jamhuriya kuwa ba zai riga 1949 ba, shekarar da ƙasar ta zama jamhuriya. Haka “West Germany” ke nuna maka tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus take rabe biyu. A nahiyarmu ma akwai misali. An haƙi mirsham a Gabashin Afirka kusa da tafkin Amboseli, an kuma yi lofe da shi. Wanda aka rubuta wa Tanganyika ya fito daga hatimin da aka sassaƙa kafin ƙasar ta haɗu da Zanzibar ta zama Tanzaniya a 1964. Akwai kuma dokar harajin McKinley da Amurka ta yi a 1890, wadda ta tilasta a rubuta sunan ƙasar asali a kan kayan da ake shigo da su. Shi ya sa lofen yumɓu na kamfanin McDougall da aka rubuta wa Glasgow kawai yakan riga 1891, wanda aka rubuta wa “Scotland” kuma yakan biyo baya. Sai dai ka tuna masana'anta ba ta jefar da tsohon hatimi ranar da gwamnati ta canza suna. Maƙeri yakan ci gaba da buga wanda ke hannunsa har ya lalace. Don haka sabon suna yana gaya maka tabbas cewa lofen bai riga shekara kaza ba, tsohon suna kuwa yana bukatar ka bar masa ɗan rata na shekara biyu ko uku.

Idan Allah ya ba ka lofe mai zoben azurfa a wuya, to ka yi sa'a, ka nemo gilashin ƙara girman abu ka zauna inda akwai haske. A Birtaniya doka ce a kai azurfa ofishin gwaji a buga mata alamomi kafin a sayar. Zaki mai tafiya yana nuna azurfa ce mai kashi 925 cikin 1000. Kan damisa alamar ofishin Landan ce, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ta Birmingham ce, ofishin da aka buɗe a 1773. Damman alkama uku da takobi na Chester ne, wanda aka rufe a 1962, ka ga kenan alamarsa kaɗai ta ba ka iyaka. Sannan akwai harafi guda da ke nuna shekara. A nan ne masu gaggawa ke faɗawa rami, domin haruffan suna zagayowa: idan sun ƙare sai a sake farawa da sabon salon rubutu da sabon fasalin garkuwar da ke kewaye da harafin. Harafi ɗaya na iya nufin shekaru da dama masu nisa da juna. Kuma kafin 1975 kowane ofishi da nasa jerin, harafin Landan daban, na Birmingham daban. Dole ka fara gane garin, sannan ka buɗe jadawalin wannan garin, ka kwatanta salon harafin da garkuwarsa, ba sunan harafin kaɗai ba. Ayilan tana da nata ofishin a Dablin da nata jerin. Ka kuma kiyayi wasu 'yan alamomi uku da Peterson ke bugawa a zobensa na farin ƙarfe wanda ba azurfa ba. Ado ne na kamfani, ba sa faɗin shekara.

Ko ka karanta harafin daidai, abin da ka sani shi ne shekarar da aka gwada zoben. Sau da yawa wuyan lofe yakan tsage, mai gyara ya ɗaura masa zobe don ya riƙe shi. Ka leƙa gefen zoben da kyau. In ka ga alamar tsaga tana shiga ƙarƙashinsa, ko ka ga zoben ya rufe wani ɓangare na rubutun kamfani, to zoben baƙo ne, lofen ya girme shi.

Kamfanin da ya fi sauƙaƙa wa masu tarawa shi ne Dunhill. Alfred Dunhill ya buɗe shagon taba a titin Duke da ke Landan a 1907, ya fara ƙera lofe a 1910. Da yake yana ba da garantin shekara guda, sai ya bukaci hanyar sanin yaushe kowane lofe ya fita, saboda haka tun farkon shekarun 1920 ake buga 'yar lamba kusa da rubutun da ke jikinsa. A kan waɗanda aka yi daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen ƙarni na 20 lissafin a bayyane yake: ka ɗauki lambar da ke bin kalmar “England” ka haɗa ta da 1960. Lamba 12 ta ba ka 1972, lamba 25 ta ba ka 1985. Wahalar tana ga lamba guda ɗaya tilo. Lamba 4, alal misali, tana iya zama 1944 ko 1954 ko 1964. Abin da zai raba maka gardama shi ne sauran rubutun. Idan akwai lambar rajistar ƙira a jiki, lofen bai wuce 1954 ba, domin bayan wannan shekara an daina buga ta. Girman lambar, da ko an ɗaga ta sama, da ko an ja mata layi a ƙasa, duk suna da magana. Irin gyaran fuskar katakon ma shaida ne: samfurin Shell, mai kaushin jiki, a 1917 ya fara fitowa, don haka ba a neman sa kafin nan. Ka ga ko a wurin kamfanin da ya rubuta shekara da hannunsa, lamba ɗaya ba ta tsayawa ita kaɗai sai 'yan uwanta sun goya mata baya.

Yanzu bari in kai ku ga lofen yumɓu, domin a nan ne darasin da ya fi zurfi yake. Taba ta isa Ingila a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, tana da tsada ƙwarai, shi ya sa kan lofen farko ƙarami ne ainun. Da taba ta yi araha sai kan ya riƙa girma, bututun yana ƙara tsawo. Wani masanin binciken tarihi ta hanyar haƙa, J. C. Harrington, wanda ya yi aiki a Jamestown ta jihar Bajiniya a Amurka, ya lura cewa ramin cikin bututun yana ƙara tsukewa da tafiyar zamani. A 1954 ya fitar da jadawali, yana auna ramin da inci guda da aka raba kashi 64. Kashi 8 ya fi yawa tsakanin 1620 da 1650, kashi 7 daga 1650 zuwa 1680, kashi 6 daga 1680 zuwa 1710, kashi 5 daga 1710 zuwa 1750, kashi 4 daga 1750 zuwa 1800. A 1962 Lewis Binford ya mayar da wannan jadawali lissafi guda: ka ninka matsakaicin faɗin ramin da 38.26, ka cire abin da ka samu daga 1931.85. In matsakaicin ya zama 6, sai ka samu wajen 1702.

Matashi in ya ji wannan sai ya yi murna, ya zura ƙarfe a guntun bututu guda ya sanar da shekara. Ba haka aka yi lissafin ba, ɗana. An gina shi ne a kan tarin gutsattsari masu yawa da aka tono a wuri guda, ana ɗaukar matsakaicinsu. Maƙera biyu a gari ɗaya a shekara ɗaya suna iya amfani da waya mai kauri daban. An kuma gina shi a kan lofen Ingila, bai dace da na Holan irin na garin Gouda ba, kuma yana rasa ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 18. Waɗanda suka fitar da shi sun san iyakarsa, suka faɗe ta. Wannan ɗabi'a ce nake so ku gada daga gare su fiye da lambobin.

Mu ma nan Afirka ta Yamma lofe ya yi wa masana aiki. Taba daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta bazu a yankinmu ba sai wajen shekarar 1600. Don haka idan masu haƙa suka tarar da lofen taba na yumɓu a wani kufai, sun san wannan shimfiɗar ƙasa ba ta riga wancan lokaci ba. A Gana, Paul Ozanne ya jera sauye-sauyen fasalin lofen da aka tono a kewayen Akra tun farkon shekarun 1960, masu bincike suka daɗe suna aiki da jerin nasa. Daga nan nake roƙonku abu guda. In kun ga guntun lofe a tsohon kufai ko gindin ganuwa, kada ku tona. Darajarsa tana tare da wurin da yake kwance da abin da ke sama da ƙasansa. Da zarar an cire shi an sa a aljihu, rabin labarinsa ya tafi har abada. A Najeriya akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ita ke da alhakin irin waɗannan kaya, ita za ku sanar.

Akwai shaidu kuma da ba a karɓa. Dauɗa ba tsufa ba ce. Lofen da aka sha kullum na shekara biyar zai fi wanda ya shekara tamanin a akwati baƙi. Mirsham yana rinewa zuwa ruwan zuma da yawan sha, amma ana iya rina shi da gangan da kakin zuma da zafi. Akwatin da lofe ya zo a ciki yana iya zama na wani, sai in ya zauna a ciki cif kamar an auna. Labarin mai sayarwa kuwa, irin su wai na wani Baturen mulki ne ko na wani sarki, ka saurare shi da ladabi, ka rubuta shi a matsayin abin da aka ce, kada ka haɗa shi da abin da ka gani da idonka. Sau da yawa mai faɗin ba ƙarya yake nufi ba, shi ma haka aka gaya masa. Abin da ke ƙarfafa labari shi ne takarda: rasiɗi, ko tsohon hoto, ko kundin kayan kamfani na wata shekara da ke nuna wannan samfurin da lambarsa.

Sannan ku ji tausayin abin da ke hannunku. Babu ɓarnar da ta kai ta mai son ƙyalli, wanda zai ɗauki samfefa ko injin goge ya bi jikin lofe har rubutun ya shafe. Lambar Dunhill ɗin nan ba ta kai ƙwayar gero ba, gugar minti guda ta isa ta tafi da ita, kuma ba mai dawo da ita. Haka harafin azurfa yake lalacewa da yawan gogewa. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton kowane rubutu, ka haska shi daga gefe domin inuwa ta fito da abin da ya dusashe. Tsumma mai laushi ya isa. Abin da ba ka iya ba, ka bar shi yadda ka same shi, wanda zai zo bayanka wataƙila ya fi ka sani.

Ka kuma ajiye littafi. Kowane lofe da shafinsa: inda ka same shi, tsawonsa, abin da aka yi shi da shi, rubutun jikinsa harafi da harafi, sannan hukuncinka da dalilinsa. Ka saba wa bakinka da cewa “tsakanin shekara kaza da kaza”. Wanda ya ce lofen nan na tsakanin 1922 ne da 1937, ga dalili, ya fi ilimi nesa ba kusa ba a kan wanda ya buga ƙirji ya ce na 1925 ne ba tare da hujja ba. In wani ya kawo shaidar da ta rushe taka, ka gode masa ka gyara shafinka. Tambaya rabin ilimi ce, kuma waɗanda suka daɗe a harkar ba sa ƙin amsa wa yaro mai ladabi.

Ranar da za ka sayar kuwa, nan ne jarrabawar take. Shekara goma da ka ƙara wa lofe da baki tana iya ninka kuɗinsa, mai saye kuma wataƙila ba zai taɓa ganewa ba. Amma algus algus ne, ko a mudun hatsi ko a shekarun lofe, addini da al'ada duk sun hana. In an canza bututun, ka faɗa. In zoben na gyara ne, ka nuna. Masu wannan harka ba su da yawa, sun san juna, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mutumin da aka san maganarsa ɗaya ce, shi ake nema da kaya mai kyau tun kafin ya shiga kasuwa.

Magana ta ƙarshe ita ce wadda ba zan yafe wa kaina ba in na bar ta. Tara lofe daban, shan taba daban. Taba tana kashe miliyoyin mutane kowace shekara a duniya, kuma ta lofe ba ta kuɓuta ba, tana jawo ciwon dajin baki da maƙogwaro da huhu. Ku ɗauki lofe a matsayin aikin hannun masassaƙi da maƙerin azurfa, da kuma taga ta leƙa tarihin ciniki da mulki na shekaru ɗari huɗu. Wannan ya ishe ku riba. Ku bar shi a kan kanta ba wuta, ku tsare lafiyarku domin iyayenku da 'ya'yan da za ku haifa.

Allah Ya ba ku ido mai lura da harshe mai gaskiya, Ya sa albarka a abin da kuke nema, Ya kuma sa ku zama masu koya wa na bayanku.